Firizar Elnathan

Tun kaji ba su shiga akurki ba Jemima take rufe ƙofarta, ta tokare ta, ta girgiza ta ji ko ta kamu. Maƙwabtanta a Birnin Gwari har tsiya suke mata, wai ta riga rana kwanciya. Ba ta kula su. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ita kuwa a ƙauyensu Gwaska 'yan bindiga suka ɓalle mata ƙofa suka shige daji da mijinta, har yau ko takalminsa ba a gani ba.

Abin da ya rage mata a duniya shi ne ɗanta Elnathan, saurayi mai son noma kamar ubansa. Kullum zancensa a koma gona, kullum amsarta a'a. Don ta ɗaure masa ƙafa a gari ta sayar da shanun huɗar da suka tsira, ta sayo tsohuwar firiza ya riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. Labaran mai gyaran wuta ne ya haɗa musu waya. Ya yi aikinsa ciki da waje, ba wanda ya tsaya kallo, don uwa da ɗa suna can suna wanke robobi.

Rani ya wuce lafiya lau. Ƙanƙara ta karɓu, Elnathan ya rage zancen gona, Jemima ta fara dariya har a ga haƙoranta.

Da ruwan farko ya sauka, sai labari ya zo cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen Damari sun kwashe mutane. Jemima ta dubi sakatar ƙofarta, 'yar siririya da tsatsa ta cinye, ta ga ba za ta tare kowa ba. Ba ta huta ba sai da ta samo tokare mai ƙwari, wanda ko ƙato ya daka ba zai lanƙwasa ba. Daga ranar ta soma barci kamar kowa.

A makon ne firiza ta fara halin da ba a san ta da shi ba. In an taɓa murfin sai hannu ya yi zir.

"Mama, firizar nan ta koyi cizo," in ji Elnathan yana yarfe yatsu yana dariya. Ya ce zai kira Labaran gobe. Gobe ta zama jibi, ciniki ya yi yawa.

Wata safiya an kwana ana ruwa, daɓen ɗakin firiza ya jiƙe. Elnathan ya shiga ba takalmi zai ɗebo ƙanƙara. Jemima tana waje tana tace zoɓo, ba ta ji ko tari ba. Shirun ne ya yi mata yawa ta leƙa, ta gan shi manne da murfin firiza, ta ƙwala ihu. Kafin wani maƙwabci ya bugi hannun Elnathan da busasshiyar taɓarya ya raba shi da murfin, rai ya yi halinsa.

Ta hana shi daji, ga shi ya mutu a ɗakin da ta fi amincewa da shi. Wannan baƙin ciki ya fi na mijinta ciwo, don a na mijin aƙalla ta san waɗanda za ta tsine wa.

Bayan an share makoki ta aika a kira Labaran. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, tana zaune a tabarma.

"Kai ka haɗa wayar da ta kashe mini ɗa."

"Mama, Allah ne shaidata, ban bar ta haka ba. Na yi mata hanyar da in wuta ta ɓalle a jikinta za ta bi ta shige ƙasa, ba ta bi ta jikin mutum ba. Bari in duba."

Ya zagaya bayan ɗakin firiza. Bai daɗe ba ya dawo idanunsa jajur don fushi.

"An cire shi, Mama. Wani mara imani ya..."

Sai idonsa ya tsaya a lungun bayan ƙofa, ya ƙi ɗagowa. Jemima ta ɗauka kunyarta ce ta hana shi dubanta.

"An cire me?"

"Abin da ke shanye wutar," ya ce a hankali. "Sata aka yi. Amma na tabbata wanda ya ɗauka bai san mene ne ba. Ki yafe masa."

"Ban yafe ba. Ko wane ne, Allah ya ɗanɗana masa abin da nake ji."

Labaran bai ce amin ba. Ya share fuska da hularsa, ya yi sallama ya tafi.

Rana ta yi ja, kaji suka nufi akurki. Babu sauran wanda za ta tsare, amma sabo turken wawa, Jemima ta tashi ta tura ƙofa. Ta miƙa hannu lungun ta ɗauko tokarenta, dogon jan ƙarfen nan da ta tono da fartanya a bayan ɗakin firiza farkon damina, ranar da ta datse wata 'yar waya da ta tarar ɗaure a kansa.