Jar Tuta a Kan Tudu

Na lura Baba yana laluben ƙwallon golf kafin ya ɗauka. Shi ya tsara filin nan na bayan Daura, kuma da koyarwarsa muke ci. Bana ba ya kai ɗalibai ko'ina sai ramin ƙwallo na kan tudu, inda ba a hango tuta daga ƙasa.

Jiya mai filin, Alhaji Ikrima, ya kafa doguwar tuta can bai gaya masa ba.

"Kun ga, nan ba a ganin tuta," Baba ya ce wa ɗalibai yau a gindin tudun, Alhaji na tsaye a gefe. "Da ƙiyasi ake bugu."

Ɗaliban suka ɗaga kai suka dubi tutar.

"Malam Kalilu," Alhaji ya ce wa Baba a hankali, "ga ta can, ja wur."

Baba ya juya sandar bugun, ya dogara ta, ya lalubi hanyar fita.