Kwalbar Malama Murja

Ranar da kwalbar ta iso Kurugu, Malama Murja tana aji tana koyar da lissafi ta cikin niƙabi.

Ba ustazanci ne ya sa mata niƙabin ba, man bilicin ne. Wata ƙawarta ta ba ta kirim, ta ce kafin sallah za ta koma kamar Balarabiya. Kumatu suka yarda suka yi fari, goshi ya ce bai san zancen ba, gefen ido kuma ya yi ja kamar ƙuna. 'Yan aji huɗu, da ba su san kara ba, suka raɗa mata Malama Kala-Kala. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba ta da wani buri sai ta sake tsayawa gaban allo da fuskarta a buɗe.

A waya ta ga mafita. Wata mai kayan kwalliya a Kano ta ce a bar kirim, a koma shafa mai zalla, irin wanda ake kawowa daga Dubai. Murja ta sayar da akuyarta ta yi oda. Lukumanu direba ya kawo saƙon, ya damƙa wa mahaifinta a zaure, haɗe da 'yan tarkacen da tsohon ya aike shi.

Mahaifin nata, Malam Dabo, ɗan aiken dagaci ne, kullum yana hanyar Karaye a kan tsohon kekensa. Keken nan ya fi mai shi suna. Tun daga bakin gari ake jin kukan sarƙarsa, masu gulma su gyara zama.

Da Murja ta taso daga makaranta ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi kwalbarta.

"Wace irin kwalba?"

"'Yar ƙarama, Baba, mai bakin ɗiga."

Malam Dabo ya ce bari ya duba. Ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar, ya miƙa mata ita yana goge hannu da gefen riga.

Man rawaya ne, mai kauri, ba turare ko kaɗan. Ƙamshinsa kamar ta san shi a wani wuri. Ta ce ai haka na asali yake, ba a yi masa gauraye. Ta jefa kirim a masai, ta shiga ɗigawa safe da yamma. Kiyashi suka addabi kwalbar har sai da ta riƙa ajiye ta cikin kwanon ruwa. Wannan ma bai dame ta ba, kowa ya san abu mai kyau.

Sannu a hankali ja ya lafa. Saɓa ta daina. Kumatu da goshi suka yi sulhu, suka koma baƙin da Allah ya ba ta, har da sheƙi. Wata Litinin ta shiga aji ba niƙabi. Yara suka ƙura mata ido, suka rasa abin faɗa, suka buɗe littafi. A hanyar gida ta yi kuka.

A 'yan kwanakin nan ne aka kama masu gulma da dama a Kurugu, don Malam Dabo ya koma isowa ba sanarwa. Abokan wasansa kuma suka sa shi gaba, wai tsoho ya fara ƙamshin angwaye.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo: kwalba ta zo gindi. Murja ta tsorata, ta ga niƙabi yana jiran ta a kan ƙusa. Ta sake oda. Wannan karon Lukumanu ya tarar Malam Dabo ya tafi Karaye, don haka a hannunta ya sa saƙon.

Ta buɗe. Mai ne fari, tsararo kamar ruwa, ƙamshin fure ya cika ɗaki. Ta jera shi da ragowar na da. Ko makaho ya san ba ɗaya ba ne. Ta kira mai kayan ta wanke ta tas, ta ce a ji tsoron Allah. Matar ta yi ta rantsuwa cewa kwali ɗaya ne. Murja ta kashe waya.

Tana cikin haka sai ga Malam Dabo a tsakar gida, ba wanda ya ji zuwansa.

"Sannu da zuwa, Baba. Sun cuce ni, jabu suka aiko. Ku shinshina ku ji, wallahi ƙamshin kekenku yake yi."

Malam Dabo ya shinshina. Ya dubi fuskar 'yarsa, sumul, ya dubi niƙabin da ke rataye.

"Kawo in je a canza miki, uwata."

Bayan la'asar ya dawo da kwalbar cike da mai rawaya, mai kauri. Murja ta shinshina, ta yi ajiyar zuciya, ta yi masa addu'a har da hawaye.

A ƙarshen layi kuwa, Hajo mai ƙuli-ƙuli ta bi bayansa da kallo, tana mamakin dattijon da sau biyu ke nan yana juye wa sarƙar keke mai ƙamshi haka, sannan ya miƙo mata 'yar kwalbar ya ce ta cika da man gyaɗa.