Maganin Kaka Ya Ci

Allurar sikeli ta sake motsawa, saura kaɗan Kaka ta rangaɗa guɗa a ɗakin awon jarirai.

A da jikan nata, wanda take kira Maigidana, ya tsaya cak, ba ya ƙara nauyi. Hannu kamar tsinken tsintsiya, wuya da kyar yake ɗaukar kai. Ma'aikaciyar awo ta ce in bai ƙaru ba sai an kwantar da shi a asibiti. A kwantar da wa? Ba dai Kaka na raye ba. Ita da ta raini 'ya'ya takwas ta san baki in ta gan shi, kuma wannan bakin mutane ne tsagwaronsa.

Nan ta shiga nema ba ji ba gani. Laya a wuya, laya a ƙugu, warwaron tagulla a kowace ƙafa. Da aka ce mata kwaɗon ƙarfe na kulle bakin mahassada, har biyu ta samo ta ɗinke masa a cikin riga. Duk wata sai ta ƙaro wani abu, duk wata kuma allura sai ta hau. Ma'aikaciyar, wadda layi ke kai mata har bakin ƙofa, takan ɗora shi ta leƙa ta sauke, ta ce madalla, a ci gaba da abin da ake yi. Kaka kuwa ta ci gaba.

"Mama, har yanzu fa ba ya kama nono sosai," in ji uwar yaron, a tsorace.

"Ke dai rufe mana baki. Kin fi sikeli gani ne?"

Da wata ya zagayo sai suka tarar da sabuwar ma'aikaciya.

"Kaka, a tuɓe shi tukuna."

Kaka ta tuɓe shi tana mita, yaran zamani da fi'ili, ta tara kayan a kan tebur. Ma'aikaciyar ta ɗora shi, ta dubi allura, ta dubi haƙarƙarinsa, ta ƙwala kira a shirya gado maza.

Kaka ta ce, "'Yar nan, sikelinki ya lalace!"

Ma'aikaciyar ta miƙa yaron ga uwarsa, ta kwashi layu da tagulla da rigar kwaɗo ta zuba a kan sikeli. Ga ƙibar nan duka, wadda Kaka ta yi watanni tana wa guɗa, ko kaɗan ba ta rame ba.