Tifar da Ta Zama Juji

Ka ce talaka ba ya jin wa'azin tsafta? To, gyara zama. Wata dattijuwa ce maginiyar tukwane, gidanta a gangaren unguwa inda duk ruwan layi yake bi ya wuce. Dab da faɗuwar damina sai ga duba-gari daga ƙaramar hukuma da lasifika, ya tara jama'a ya yi ta zuba bayani: leda ke toshe kwata, kwata ke kawo ambaliya, kowa ya yashe ta ƙofar gidansa ya tara a gefe, tifa na nan tafe ta kwashe. Maganar ta shige ta, don randuna arba'in gare ta ɗanyu a zaure suna shan iska, su ne abincinta na damina. Da tsufanta ta ci ɗamara ta shiga kwata, har ta maƙwabta sai da ta yashe, tsibin ƙazanta ya kai mata ƙugu. Kwana goma ba tifa ba dalilinta. Ta saɓa mayafi ta taka har sakatariya. Can ta iske tifar a bayan ofishin shi duba-garin, tayoyi a sace, an cika ta maƙil da sharar ofis, har da robobin abincin taron wayar da kai. Da ta yi magana aka ce, "Iya, koma gida, ana kan duba lamarin."

Ana kan dubawa hadari ya haɗo da la'asar. Tsibin nan ya zame gaba ɗaya ya toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗa zaurenta. Tana tsaye tana kallo randunan suka narke ɗaya bayan ɗaya suka koma yumɓu, aikin wata biyu. Abin da ya fi ƙona mata rai, washegari sai ga duba-garin ya dawo, ya toshe hanci da hankici, yana nuna wa jama'a ƙofarta wai ga sakamakon ƙazanta. Ko kunya babu. Ta ɗago daga cikin taɓo ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ni na yi abin da ka ce. Sharar da ke cikin tifarku, wa ka ce zai kwashe?" Ya juya ya sulale, lasifikar na rataye a kafaɗa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.