Tsohuwar Rijiyar Can

Tun da ƙasashe suka yarda ruwa ɗaya suke sha a ƙarƙashin ƙasa, aka haɗa kowace rijiya da wata a wata ƙasa: yau ku ɗiba, gobe su ɗiba.

Yau ranar su Iya Kuluwa ce. Ta zo da jarkoki huɗu, ga 'yarta ta haihu, ana jiran ruwan wankan jego. Ta yi sallama a bakin na'urar magana da ke jikin murfin rijiyar, tana jiran muryar tsohuwar rijiyar can ƙasar, wadda suka shekara uku suna gaisawa.

Sai muryar namiji ta amsa, na'urar tana mayarwa Hausa: "Mahaifiyarmu ta rasu. Ku bar mana yau, mu yi mata wanka."

Iya Kuluwa ta dubi jarkokin, ta dubi murfin, sannan ta ce:

"Allah ya jiƙanta. Ku ɗiba, ɗana."

Da ta koma gida hannu wayam tana hawaye, mai jego ta ce, "Iya, wa ya rasu?"

Ta buɗe baki, sai ta tuna ba ta taɓa tambayar tsohuwar sunanta ba.