Sojan da Ya Ƙi Harbi

"Baba, harba mana! Ga su nan sun cika gadar!" in ji 'yarsa.

Bai harba ba. A talabijin, dakarun ƙarfe na ta dirowa daga jirage a wata duniya mai rana biyu, shi kuwa sojansa na cikin wasan ya rataya bindigarsa mai aman haske, ya juya da gudu.

Ita ta kawo masa na'urar wasan daga Bauchi, bayan likita ya ce a samar masa abin ɗebe kewa. Tun da ya tuɓe kaki ya dawo Azare, ba coci, ba kasuwa, ko gaisuwar maƙwabta da ka yake amsawa. Da ya yarda suna bugawa tare, ta yi murna. Amma mutumin da ya yi shekaru a fagen daga, a nan ya ƙi harbi ko sau ɗaya, kullum sai an cinye su.

Yau ta saki nata ɓangaren, ta bi nasa da ido. Sojansa ya ratsa tsakiyar wuta, ya durƙusa kan wani soja da aka kayar, sai mahaifinta ya danne maɓalli. Wanda aka kayar ɗin ya miƙe, ya ɗauki bindigarsa. Sojan mahaifinta ya wuce wurin na gaba.

"Baba, ka san a haka ba za mu taɓa cin wasan nan ba?"

"Na sani," ya ce, bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Amma a nan, in ka ɗaga mutum, tashi yake yi."