Abin da Na Harbo a Gonar Rake

"Ku kwanta!" na daka wa masu saran rake tsawa.

Abin yana ƙugi a saman gonata a Gubuchi, da farfela huɗu, wani baƙin ƙunshi na reto a ƙarƙashinsa. Mun sha jin cewa da irinsa 'yan bindiga ke leƙen gari kafin su shigo. Kowa sai salati. Ni ne shugaban 'yan banga, sai na ɗaga bindigata.

Ya sauko daidai kaina. Na sakar masa wuta, ya faɗo ya tarwatse.

Ba wanda ya yarda ya matsa. Da doguwar sanda na tsokani ƙunshin, ina jiran ya fashe. Sai ga goro biyu da maganin hawan jinina da na manta a gida.

Wayata ta yi ƙara. Hafiza ce daga gida, 'yata mai karatun ƙera jirage. Bijimina na sayar don aikinta na kammala jami'a. Ni na ɗauka littafi za ta rubuta.

"Baba, jirgina ya iso? Ka riƙe min shi a hankali, jibi zan kai wa malamanmu."